Zumunta a Ƙafa Take: Nazari Kan Doguwar Tafiyar Jana'iza Daga Oko-Oba

Karatu: Farawa 23, Farawa 50:1-14, 1 Sama'ila 31:8-13, Yahaya 11:1-44

Duk wanda ya san Oko-Oba, a gefen Agege cikin Legas, ya san ta da babbar mayankar gwamnatin jiha da karar shanun da ke manne da ita. Dare da rana tireloli suna sauke shanu daga Arewa, su juya su koma. Zaman mutanen Arewa a wannan yanki kuwa ba na jiya ba ne. Tun da layin dogo ya tashi daga Ikko ya kai Ibadan a 1901, ya kuma isa Kano a 1911, fataken goro suka kafa zango a Agege, 'yan'uwa suka yi ta biyo sawunsu. A cikin waɗanda suka zo daga baya akwai masu bi da yawa: mutanen Kudancin Kaduna da Filato, na Tangale da Zuru da Tafawa Ɓalewa, na Adamawa da Kudancin Borno, da Hausawan ƙauyukan Kano, Katsina da Zazzau. Wani soja ne, wani mai gadi, wani direba, wata tana tuyar ƙosai a bakin titi. Mutanen gari sukan kira su duka Hausawa, su ma dai Hausar ce take haɗa su a majami'a ran Lahadi.

Babu ikkilisiyar baƙi irin wannan da za ta yi watanni uku ba a tashi an yi sanarwar rasuwa ba. Wani lokaci abokin ƙuruciya ne ya yi barci a gida, aka sa ranar binnewa, ana so a san ko mutanen Legas za su zo. Wani lokaci kuma ɗan'uwa ne ya rasu a nan Agege, dangi suka aiko cewa a kawo musu gawa. Ko ta wace fuska, abin da ke gaban jama'a shi ne tafiyar kilomita dubu ko fiye, da kuɗin da ba a tanada ba, da hanyar da ta ci mutane da yawa. Wa ya kamata ya tafi, yaya za a tafi, kuma wajibi ne a kai kowace gawa gida? Waɗannan tambayoyi sukan raba kan dattawa, sukan kuma bar gwauraye da bashi, saboda haka sun cancanci a dube su da Littafi a buɗe.

Dalilin tafiya

A fara da abin da babu gardama a kansa. Littafi Mai Tsarki yana girmama mutumin da ya sha wahalar hanya domin mataccen da ba zai iya gode masa ba. Sa'ad da Filistiyawa suka rataye gawar Saul da na 'ya'yansa a garun Bet-sheyan, jarumawan Yabesh-gileyad suka kwana suna tafiya, suka haye Urdun, suka shiga wurin da ke hannun abokan gāba, suka sauko da gawawwakin, suka kai su garinsu, suka yi azumi kwana bakwai. Me ya kai su? Amsar tana cikin 1 Sama'ila 11. A farkon sarautarsa Saul ya cece su daga Nahash Ba'ammone, wanda ya yi niyyar ƙwaƙule wa kowannensu idon dama. Shekaru masu yawa sun wuce, Saul ya lalace, ya mutu cikin kunya, ba shi da sauran abin da zai ba kowa. Mutanen Yabesh ba su manta ba. Dawuda kansa, wanda Saul ya yi ta farauta kamar nama, ya aika ya sa musu albarka saboda wannan aminci (2 Sama'ila 2:4-7).

Labarin Betanya ya fi wannan zurfi. Yesu yana hayin Urdun sa'ad da saƙon Maryamu da Marta ya same shi. Almajiransa suka tuna masa cewa ba a daɗe ba da aka nemi jifansa a Yahudiya, Betanya kuwa ba ta wuce kilomita uku daga Urushalima ba. Toma ya ɗauka mutuwa za su je su tarar, duk da haka ya ce a tafi. Ubangiji ya isa bayan Li'azaru ya kwana huɗu a kabari, ya tsaya ya saurari ƙorafin 'yan'uwa matan biyu ɗaya bayan ɗaya, ya yi hawaye a gaban jama'a ko da yake ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Ba a nesa ya yi musu ta'aziyya ba, alhali ya taɓa warkar da ɗan wani bafade daga nesa da magana kawai. Yahaya ya kuma nuna cewa tafiyar ta jawo masa tsada, gama daga ranar ne shugabanni suka ƙulla shawarar kashe shi.

Saboda haka karin maganar nan ta Hausa, cewa zumunta a ƙafa take, ba ta saɓa wa Littafi ba. Wayar hannu ta sauƙaƙa gaisuwa, ana kuma iya tura kuɗi ta banki cikin minti ɗaya, amma tsohuwar da ta binne ɗanta ba ta tuna wanda ya buga waya kamar yadda take tuna wanda ya shigo zaure da ƙurar hanya a fuskarsa, ya durƙusa ya ce, "Mama, yaya muka ji da haƙuri?" Ikkilisiyar da ta daina aika ƙafa gidan makoki ta fara yin sanyi, ko da kuwa baikonta yana ƙaruwa.

Wajibi ne a kai gawa gida?

Masu cewa dole ne sukan kafa hujja da Yakubu, kuma gaskiya ne babu jana'izar da aka ba da labarinta dalla-dalla a Tsohon Alkawari kamar tasa. Ya rantsar da Yusufu kada ya binne shi a Masar. Masu magani suka yi kwana 40 suna gyaran gawar don kada ta ruɓe, Masarawa suka yi makoki kwana 70. Yusufu, duk da girman muƙaminsa, bai tashi ba sai da ya nemi izinin Fir'auna. Aka tafi da karusai da mahaya dawakai, aka bar ƙananan yara da dabbobi a Goshen, aka tsaya a masussukar Atad aka yi makoki na kwana bakwai, sa'an nan aka kai shi kogon Makfela, kowa ya komo. Mai karatu ya lura da tsarin: an nemi izini, an yi tanadin tsaro, an san waɗanda za su zauna a gida, kuma wanda ya ɗauki nauyin duka shi ne mutum na biyu a mulkin Masar, ba mai gadin da ke jiran albashin ƙarshen wata ba.

Amma wane gida ne aka kai Yakubu? Asalin kakansa Ibrahim daga Ur ne, danginsa kuma suna Haran. Da Saratu ta rasu a Hebron, Ibrahim bai ɗauke ta ya nufi Haran ba. Ya tsaya a gaban Hittiyawa, ya amsa cewa shi baƙo ne a cikinsu, ya auna wa Efron shekel 400 na azurfa, ya sayi gona da kogo. Makfela dai kabarin baƙi ne, wanda aka saya a ƙasar da mutum ya je zama. Abin da ya sa Yakubu ya nace a kai shi can, da abin da ya sa Yusufu ya bar wasiyya a kan ƙasusuwansa har Musa ya fita da su aka binne a Shekem, shi ne alkawarin da Allah ya yi a kan wannan ƙasa. Ibraniyawa 11:22 ya kira wasiyyar Yusufu aikin bangaskiya. Ba a ba wani mai bi na yau irin wannan alkawari a kan ƙauyen kakanninsa ba. Yakubun nan kuma shi ne ya binne Rahila, matar da ya fi ƙauna, a bakin hanyar Efrata inda ta rasu. Maryamu 'yar'uwar Musa tana Kadesh, Haruna yana bisa Dutsen Hor, Musa kuwa babu wanda ya san kabarinsa.

Tarihin ikkilisiya ma yana da misalai ta kowane gefe. Sa'ad da David Livingstone ya rasu a ƙauyen Chitambo, cikin ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, a 1873, abokan tafiyarsa 'yan Afirka, da Susi da Chuma a kan gaba, suka binne zuciyarsa a gindin itace, suka shanya gawar da gishiri, suka ɗauke ta a kafaɗa kimanin kilomita 1,500 har Bagamoyo a bakin teku. Sun isa a Fabrairu 1874, bayan wata tara, waɗansunsu kuma sun mutu a hanya. Daga can aka kai shi Landan aka binne a Afrilu na shekarar. Babu mai karanta wannan labari ya raina amincinsu. A gefe ɗaya kuma ga Monika, mahaifiyar Agustin na Hippo. Ta riga ta shirya wa kanta kabari kusa da na mijinta a Tagaste, cikin Aljeriya ta yau, amma ciwon ajali ya same ta a Ostiya ta Italiya a shekara ta 387. Da ɗaya ɗan nata ya nuna damuwa cewa za ta mutu a baƙuwar ƙasa, sai ta hana su wahalar da kansu a kan inda za a sa jikinta, ta kuma taɓa cewa babu wurin da ya yi wa Allah nisa, ba kuwa zai rasa inda zai tashe ta ba. A Ostiya aka binne ta. Agustin daga baya ya koyar da cewa hidimar jana'iza ta'aziyya ce ga masu rai fiye da taimako ga mamaci.

Ba sai an je nesa ba. Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka a Legas a Disamba 1893 da nufin kai bishara cikin ƙasar Sudan. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, aka binne kowanne inda ya faɗi, nesa da iyayensu da ke hayin teku. Motar da ta ɗauko gawa daga Agege ta bi ta Mokwa zuwa Suleja, ta cikin garin da Kent yake kwance take wucewa. Bishop Samuel Ajayi Crowther, haifaffen Osogun, a Legas ya rasu a ƙarshen 1891, a Legas kuma aka binne shi.

Maƙwabta Musulmi na Agege suna da abin koyi a nan. In mutum ya rasu da safe, sau da yawa kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa a maƙabartar unguwa, attajiri ne ko ɗan dako. Daga baya 'yan'uwa su je gida gaisuwa, ko na gida su zo. Labarin Hananiya da Safiratu a Ayyukan Manzanni 5 ya nuna cewa binnewa cikin sa'o'i kaɗan ita ce al'adar da ikkilisiyar farko ta sani. Kuma sau biyu a 'yan shekarun nan tilas ta koya wa kowa wannan darasi: a 2014, lokacin cutar Ebola, gwamnati ta hana yawo da gawa daga jiha zuwa jiha ba tare da izini ba, a 2020 kuma aka rufe Legas daga 30 ga Maris saboda cutar korona, ba a buɗe zirga-zirga tsakanin jihohi ba sai farkon Yuli. An binne masu bi da yawa a Legas a watannin nan, da mutane ƙalilan a bakin kabari. Babu malamin kirki da zai ce tashinsu daga matattu ya ragu da wani abu.

Wannan ba ya nufin a yi wa masu son kai gawa gida dariya. Suna da dalilai masu nauyi. Akwai tsofaffin iyayen da ba za su iya zuwa Ikko ba, zuciyarsu kuma ba za ta kwanta ba sai sun ga akwatin da idonsu. A wurare da yawa kabarin uba a gona shi ne shaidar da take tsare wa marayu gādonsu. Yaran da aka haifa a Agege, waɗanda Yarbanci ya fi zama a bakinsu, wani lokaci jana'izar uba ce take fara kai su garinsu. Dattawa su auna waɗannan da adalci. Abin da ba shi da tushe shi ne tsoron cewa mamacin zai yi fushi ko ya dami iyali in ba a kai shi ba, ko kuwa gudun abin da mutane za su ce. Na farkon saura ne na tsohuwar al'ada, na biyun kuwa girman kai ne da ya sa baƙar riga.

Hanyar kanta

Daga Oko-Oba mota takan fita ta hau babban titin Legas zuwa Ibadan, wanda aka buɗe a 1978, mai tsawon kimanin kilomita 127. Sabon layin dogon da aka buɗe a 2021 yana da tasha a Agege, amma a Ibadan ya tsaya, don haka sauran tafiyar ta taya ce. Daga Ibadan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi Oyo, Ogbomosho, Ilori, ta haye Kwara a Jebba, ta kai Mokwa, daga nan ko a yi Tegina da Birnin Gwari zuwa Kaduna, ko a yi Bida da Lambata zuwa Suleja. Ɗayar ta bi Ife, Akure, Owo, Okene da Lokoja zuwa Abuja, inda mutanen Filato, Bauchi da Gombe sukan ɗauki hanyar Keffi da Akwanga.

Lissafi kaɗan zai taimaka. Jos da Kano kowanne yana wajen kilomita 1,000 daga Legas, Yola da Maiduguri kuwa sun fi haka nesa ƙwarai. Motar da ta samu tafiyar kilomita 60 a kowace sa'a, in an haɗa ramuka da shingayen bincike da cunkoson tireloli, tana bukatar kusan sa'a 17 kafin ta cinye kilomita 1,000, ban da tsayawa cin abinci. Hasken rana a ƙasar nan wajen sa'a 12 ne. Ma'anar wannan a fili take: babu yadda direba ɗaya zai tashi daga Agege ya kai Jos ko Kano cikin yini guda da rana. Ko dai a kwana a hanya, ko a yi tuƙin dare. (Abin lura ne cewa a kan hanyar Betanya ɗin nan Ubangiji ya yi zancen sa'o'i goma sha biyu na yini da tuntuɓen mai tafiyar dare. Nufinsa lokacin da Uba ya ƙayyade masa ne, amma ya ɗauki misalin daga abin da kowane matafiyi ya sani.)

Masu makoki kuwa su ne suka fi kowa faɗawa cikin jarabar tuƙin dare. An yi sujadar waƙoƙi a Agege ran Alhamis har tsakar dare, an sa binnewa ran Asabar da safe, kowa yana so ya koma bakin aiki ran Litinin. Sau da yawa direban ɗan ikkilisiya ne, abokin mamacin, wanda ya kwana uku yana zirga-zirga tsakanin asibiti da mutuware, ga baƙin ciki, ga rashin barci. Goro da shayi mai kauri ba su maye gurbin barci, balle ƙwayoyin da waɗansu ke sha. A ranar 31 ga Mayu 2025 motar da ta kwaso 'yan wasan Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a Abeokuta ta faɗo daga gada kusa da Dakatsalle, a hanyar Zariya zuwa Kano, mutum fiye da 20 suka mutu. Sun riga sun cinye kusan dukan hanyar, gida ya rage kaɗan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta danganta abin da gajiyar doguwar tafiyar dare da gudu. Wannan hukuma, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa motocin haya gudun da bai wuce kilomita 90 a sa'a ba a kan babban titi mai hannu biyu, tana kuma gargaɗin direba ya huta bayan kowace sa'a huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1.19 ne suke mutuwa a kan hanya kowace shekara a duniya.

Akwai kuma abin da ba ya hannun direba. Gadar Tatabu tsakanin Jebba da Mokwa ta karye a Yuni 2017. Ambaliyar Oktoba 2022 ta shafe hanya a Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. A ƙarshen Mayu 2025 ruwa ya ci garin Mokwa, ya kashe mutum fiye da 150, ya lalata hanya da gadoji. A ranar 18 ga Janairu 2025 tankar mai ta kife a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, wuta ta tashi a kan masu kwasar mai da masu kallo, fiye da mutum 80 suka hallaka. Hanyar Birnin Gwari da ta Abuja zuwa Kaduna sun yi shekaru suna ƙaurin suna wajen garkuwa da mutane. A Yuni 2025 kuma waɗansu 'yan rakiyar biki daga Zariya suka ɓata hanya da yamma a yankin Mangu, aka far musu, fiye da goma suka mutu. Wannan abin kunya ne da ya kamata kowane mai bi ya yi tir da shi, gama baƙon da ya tsaya tambayar hanya amana ne, ko mene ne addininsa. Halin hanyoyin nan yana sākewa daga wata zuwa wata, don haka a tambayi direbobin tasha da masu tirelar shanu na Oko-Oba, waɗanda suke bin su kowane mako, kafin a zaɓi inda za a bi.

Wani zai ce ai Allah ne mai tsaro. Haka ne. Ezra ya yi azumi a bakin kogin Ahawa, ya ƙi roƙon sarki sojoji, Allah kuwa ya kiyaye shi. Nehemiya, wanda shi ma mutumin addu'a ne, ya nemi wasiƙun sarki zuwa ga masu mulkin hanya, ya kuma tafi da rakiyar mahaya. Littafi bai zargi ko ɗayansu ba. Abin da ya hana shi ne a gwada Ubangiji, kamar yadda Iblis ya so Yesu ya yi a kan ƙololuwar Haikali. Addu'ar da aka yi a cikin mota mai sudaddiyar taya, da direban da bai runtsa ba, da mutum ashirin a mazaunin goma sha huɗu, ta fi kusa da gwaji. Haka nan hawa saman tirelar da ta sauke shanu tana komawa, don arha; hukuma ta sha hana wannan, gama in ta kife babu abin da ke tsakanin mutum da kwalta. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, hukuma kuwa tana ɗaukar wadda ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki. Dattijon da zai yi addu'ar tashi ba zai ƙasƙantu ba in ya sunkuya ya duba.

In da gawa za a tafi, a bi gurbin Yusufu da Nehemiya wajen takardu. Akan nemi shaidar likita a kan dalilin rasuwa, da takardar mutuware mai nuna an yi wa gawar maganin hana ruɓewa, a kuma yi rajistar mutuwar a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. In rasuwar ta haɗari ce ko ta farat ɗaya, dokar Jihar Legas ta 2007 ta sa sai 'yan sanda da mai binciken dalilin mutuwa sun saki gawar. Wanda ya tashi ba tare da waɗannan ba zai sha tsayawa a shingaye, rana tana dūkan akwati.

Kuɗin da wanda zai biya

A ɗauki ƙaramar bas mai shan lita 12 a kowace kilomita 100. Zuwa da dawowa kilomita 2,000 ne, wato lita 240. Kafin a janye tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023, lita tana wajen Naira 185 a Legas, kuɗin man tafiyar bai kai Naira 45,000 ba. A Oktoba 2024 lita ta kai wajen Naira 1,000, man tafiyar nan ya zama Naira 240,000, fiye da albashin wata uku na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Ba a sa kuɗin hayar mota ba, ko na akwati, ko na mutuware da ke ƙaruwa kowace kwana, ko abincin baƙi, ko ankon da aka ɗora wa kowa. Al'adar da aka kafa lokacin da mai yake da arha ba za a ci gaba da ita ido rufe ba. A 2019 majalisar dokokin Jihar Anambra ta kai ga yin doka don rage tsawon bukukuwan binnewa da daɗewar gawa a mutuware. Abin takaici ne a ce sai gwamnati ta tsawata wa Kirista a kan abin da dattawan ikkilisiya ya kamata su fara gani.

Sau da yawa karo-karon da aka tara yakan ƙare a kan hanya da rumfuna da buga hotunan mamaci a riguna, gwauruwar kuma ta komo Agege ta tarar da mai gida yana jiran kuɗin haya, makaranta tana jiran kuɗin zango. Yakubu 1:27 bai auna addini da yawan motocin da suka raka gawa ba. Da kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu ya auna shi. Ikkilisiyar da ta raba gudummawa kashi biyu tun daga farko, ta ajiye rabi da sunan matar da yaran kafin a taɓa sauran, ta yi abin da ya fi kusa da wannan aya. Kuma ba kowa ne zai tafi ba. Dawuda bai je Rabba da kansa ba sa'ad da sarkin Ammonawa ya rasu, jakadu ya aika su yi ta'aziyya a madadinsa. Mutum huɗu da aka zaɓa da kyau, fasto ko dattijo, mace ɗaya daga Zumuntar Mata da za ta zauna kusa da gwauruwar, aminin mamacin, da direba na biyu, sun fi bas uku cike da mutanen da rabinsu bashi suka ci. Mai ciki, da mai hawan jini, da wanda zai rasa aikinsa in ya yi fashin kwana huɗu, a faɗa musu daga bagade cewa zamansu ba rashin ƙauna ba ne, domin kunya ba za ta bar su su faɗa da bakinsu ba. A Goshen ma an bar waɗansu.

In an isa

Abokan Ayuba uku sun taso kowanne daga ƙasarsa, suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Wannan ne mafi kyawun abin da suka yi a dukan littafin. Ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki suna neman laifin da ya jawo masifar. Mutumin Legas da ya isa gidan makoki ya kiyayi wannan. Ba wurin binciken wanda ya yi sakaci da jinya ba ne, ba kuwa wurin goyon bayan masu zargin gwauruwa ko wata tsohuwa da maita ba. Ya kiyayi kuma zama nauyi: gidan da ke makoki bai kamata ya shiga neman katifa da kaji domin baƙin birni ba. In dangin miji suka fara zancen kayan ɗaki da takardun fili tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, wakilan ikkilisiyar Agege su ne shaidun da suka san yadda mamacin ya zauna da iyalinsa, ya kamata su yi magana a gaban fasto da dattawan garin kafin su juyo.

Komowar ita ce aka fi rainawa. An gama binnewa da azahar ran Asabar, jiki ya mutu, kowa yana duban agogo, sai a ce a kama hanya yanzu don a kwana a Legas ran Lahadi. Gara a kwana, a yi sujada da ikkilisiyar garin da safe, a tashi da asubar Litinin, a yada zango a Lokoja ko Ilori in rana ta faɗi. Wannan yana nufin a nemi izinin kwana biyar a wurin aiki tun kafin a tashi, ba uku ba, a kuma sa kuɗin masauki cikin lissafin farko. Sakataren ikkilisiya ya rubuta sunayen matafiya da lambar motar da hanyar da za su bi, ya riƙe kwafi a Agege, a kuma sa mutum ɗaya da zai riƙa kiransu a Ibadan, a Jebba ko Lokoja, da sa'ad da suka sauka.